Maganar da Yaya Shatu ta tanada wa Lubna

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, ba wanda za a bari a baya.

Ranar Talata, shida ga watan Zulƙida, wadda ta zo daidai da sha huɗu ga Mayu na 2024, Allah ya karɓi ran yayata A'ishatu Salisu, wadda kowa ya sani da Shatu mai ƙuli ta Gouna. Da hantsi ta faɗi a tsakar gidanta na unguwar Garin Malam a Zinder, tana cikin bakacen gyaɗa. Maƙwabta suka kai ta likita. Ba ta ƙara magana ba, ta cika bayan azahar, aka yi mata sutura kafin magariba. Shekarunta sun ɗan haura sittin.

Na jira har aka yi sadakar bakwai kafin in zauna in rubuta wannan, domin akwai abin da ke wuyana game da ita, kuma na so in tabbata ba zafin rashi ne kawai ke tura ni in faɗa ba. Kwana bakwai sun wuce, abin yana nan yadda yake.

Yaya, uwarki da uwata ciki ɗaya suka fito. Ni aka haife ni a unguwar Birni cikin Zinder, gidan allo da tawada. Ke aka haife ki a Gouna, gidan gero da gyaɗa. Tun ina yarinya kike kirana Malama, da farko don tsokana, daga baya sunan ya zauna, har ya zama ba ki da wani sunan da kike kirana da shi.

Haihuwata ta fari, yaron kwana uku ya yi a duniya. Ba wanda ya aika miki. Labari kika ji a bakin masu dawowa daga kasuwa, washegari sai ga ki a amalanke da buhun gero da kanwa da itacen wanka. Mata suka yi ta shigowa suna ba ni haƙuri, kowace da irin tata maganar. Ke kuwa aiki kika kama. Kika hura wuta, kika dafa ruwa, kika yi mini wanka safe da yamma har arba'in, kamar yaron yana nan. Ranar da na ƙi shan kunu kika ajiye ƙwaryar a gabana kika ce, “Sha, Malama. Kukan ma sai da ƙarfi za ki iya shi.” Na sha. A lokacin gonarki tana jiran noman farko, kika bar wa marigayi mijinki Nomau ita shi kaɗai, kuma ban taɓa jin kin ambaci wannan ba.

Mutanen Gouna sun zo gaisuwa a mota biyu. Wata tsohuwa a cikinsu ta tuna mana shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka, iri ya ƙone a ƙasa. Ta ce ke kaɗai kika rage da irin gyaɗa, domin kullum kina ware naki a tukunya ki liƙe bakinta da laka. Da ruwa ya dawo kika fasa tukunyar, kika bi gida gida da ƙwarya. Nomau ya yi faɗa, ya ce kin rabar da damina. Kika ce masa rumbu nasa ne, ba ki taɓa ba, tukunya kuwa taki ce. Tsohuwar ta ce har yau akwai gidajen da gyaɗarsu daga wannan tukunya ta fito.

Da kika dawo Zinder bayan rasuwarsa, kika tarar da abin da muka saba da shi, famfo ya yi kwana huɗu ko biyar bai ɗiga ba. Duk da haka randar ƙofar gidanki ba ta taɓa bushewa ba. Sai kin cika ta domin masu wucewa kafin ki zuba na girki. Na taɓa yi miki magana, na ce ki fara da cikin gida. Kika ce na cikin gida ya san inda zai roƙa, mai wucewa kuwa bai san kowa ba.

Waɗannan kowa ya san su, kuma an yi ta faɗarsu a zaman makoki. Abin da zan faɗa yanzu mu uku kaɗai muka san shi, ɗaya kuma ta tafi.

'Ya'ya shida kika haifa, Abdul'aziz kaɗai ya rayu. Ya yi lekol, makarantar boko, ya yi lise, wato sakandare, ya tafi Yamai, daga can Allah ya kai shi Amurka, inda yake tuƙin babbar mota. Can ya yi aure, aka haifa masa 'ya ɗaya, Lubna, wadda yanzu take shekara tara. Ba ta taɓa zuwa Damagaram ba. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, sai Ingilishi. Duk Lahadi bayan la'asar yakan kira ki ta waya mai nuna fuska, ku gaisa, ya tambayi ƙafarki da mutanen unguwa, sannan ya jawo yarinyar. Ta ɗaga hannu, ki ɗaga hannu. Ta faɗi wani abu, ya fassara. Ki sa mata albarka, ya fassara. Shi ke nan sai ta sulale ta koma wasanta.

Wata Lahadi bayan an kashe wayar kika juyo wajena. Kika ce mini albarka kowa yana iya sa wa yaro, har baƙo. Abin da ke cin ranki shi ne jika ɗaya gare ki a duniya, kuma ba ki taɓa tsokanarta ba, ita ma ba ta taɓa yi miki rashin kunyar jika ba. Kika ce tsokana ba ta bin bakin tafinta, balle tafintan da yake uban yarinya. Ranar kika ce za ki koyi Ingilishi, kuma kada Abdul'aziz ya sani sai ranar da ya ji da kunnensa.

Na ɗauka zancen yamma ne, zai wuce. Litinin sai ga ki a ƙofata da mayafi, kika ce in tashi mu je Kasuwar Dole.

Hajiya Bilkisu Bakanuwa ce mai rumfar atamfa, ta daɗe tana sayen man gyaɗa a wurinki, kuma ta yi karatun boko a Kano kafin aure ya kawo ta nan. Da kika gaya mata abin da ya kawo mu ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta ture atamfofi ta yi mana wurin zama. Aka raba aiki. Ita za ta riƙa ba mu magana biyu duk Litinin, da ma'anarsu. Ni zan rubuta da ajami yadda kunnena ya ji, tunda ke ba ki karatu. Sauran kwanakin in riƙa zuwa gidanki ina biya miki. Ban yarda a rubuta a allo ba, ban kuma yarda a taɓa tawadar da nake rubutun Alƙur'ani da ita ba. Kaye na 'yan lekol na saya, wato littafin rubutu, da bik, wato biro. A kan wannan ban yi nadama ba.

Maganar farko da Hajiya ta ba mu gajera ce, ma'anarta “ina koyo”. Ta ce da ita za ki fara buɗe baki, domin yarinya ta san cewa kakarta tana hanya ne, ta yi mata uzuri. Kalmar da ke tsakiyar maganar ta rubuta mini ita da boko a gefen kaye, learn. Ni lam da nun na sa. Sai na tambaye ta ainihin abin da kalmar take nufi, domin ban saba biya wa mutum abin da ban san iyakarsa ba. Na ce hadda ce, ko karatu, ko sani?

Ta ce duk ta ɗauke su, har da abin da ya fi su. Ta ce da ita ake faɗin yaron da ke koyon tafiya yana faɗuwa, da amaryar da ke koyon tuƙin tuwo yana yin gudaji, da ɗan kabu-kabun da bai gama sanin unguwanni ba. Da ita ake faɗin wanda ya haddace abu, da ita kuma ake faɗin wanda ya sami labarin da bai sani ba a da. Ta ce amma inda aka fi jin ta shi ne a bakin wanda bai iya ba tukuna, kuma masu harshen ba sa jin kunyar faɗarta a kansu, ko da furfura. Mutum yana cikin yin abu a gaban jama'a, yana kuskure, ya faɗe ta, a gyara masa, ya ci gaba.

Na saurara, na gyaɗa kai, na rufe kaye. A raina kuwa ban karɓa ba.

Ni ba haka aka koya mini ba. A zauren mahaifina Malam Isma'il, ba a yi wa ɗalibi ƙari sai ya kawo na jiya ba tuntuɓe. Ba a wanke allo sai malam ya saurara ya ce a wanke. Ba wanda ke karatu a gaban mutane sai an ba shi izini, domin wasali ɗaya in ya karkace ma'ana ta karkace, kuma alhaki yana kan wanda ya biya masa. Da wannan na tashi, da shi na karantar da matan unguwarmu shekara ashirin da wani abu, kuma a muhallinsa gaskiya ne, har gobe. Laifina shi ne na ɗauko shi daga muhallinsa na ɗora a kan hirar kaka da jika.

Na kafa miki doka. Ba ƙari sai na baya ya zauna. Ba za ki furta ko kalma ɗaya a waya ba sai kin kawo duka daga farko har ƙarshe a gaban Hajiya, ba gyara. Na kira ranar da sauka, muka yi dariya, amma ni da gaske nake.

Hajiya ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ta ce, “Haba Malama, wannan fa ba Fatiha ba ce. In ta karkace, 'yar ta yi dariya ta gyara mata. Dariyar ai ita ake nema.”

Ke kika tare mini. Kika ce, “Bar ta, Hajiya. Ni ko izu ɗaya ban kai ba aka cire ni aka kai ni gona. Yau na samu malama tawa ni kaɗai, ba zan yi mata gardama ba.”

Da kin yi mini gardama, Yaya. Kin yi wa Nomau a kan tukunya, kin yi mini a kan randa. A nan ne kawai kika sunkuyar da kai, domin kina ganin duk abin da ya shafi karatu ni ce na sani.

Wata goma sha huɗu muka yi. Ban taɓa samun ɗaliba irinki ba. Kina suyar ƙuli kina maimaitawa. Kina matsar mai kina maimaitawa, kina kaɗa kai gaba da baya kamar mai tilawa, har maƙwabciyarki ta tambaye ni wane wuridi ne na ba ki. Harshenki ya ƙi wasu haruffan, musamman wanda ake sa harshe tsakanin haƙora, ga shi haƙoran gaba biyu sun riga sun tafi. Kika ce wa Hajiya masu wannan harshe ba su yi tanadin tsofaffi ba. In kin yi kuskure sai ki bugi cinyarki ki ce, “Koma baya, Shatu,” tun kafin in faɗa. Sau da yawa ba na bari mu karɓi sabo, sai mu je rumfa mu maimaita na baya mu dawo. Hajiya takan bi mu da kallo kawai.

Duk wannan lokaci Lahadi tana zuwa tana wucewa. Nakan zauna kusa da ke a tabarma, inda wayar ba ta kama ni. Tun wajen wata na shida kin fara tsintar abin da yarinyar ke faɗa. Nakan ga fuskarki ta canza kafin ubanta ya fassara. Nakan ga leɓenki yana motsi. Sai in sa hannu in taɓa gwiwarki, ki haɗiye, ki ɗaga hannu kamar kullum.

Muka sa Ƙaramar Salla ta zama ranar. Ana saura kwana biyu muka je rumfa, da azumi a bakinmu, kika kawo magana arba'in da ɗaya a jere. A ta talatin da bakwai kika sa kalmar baya a gaba. Kika gyara da kanki nan take. Hajiya ta tafa hannu ta ce an gama, ta ce ko 'yan lise ba za su kawo haka ba. Kika juyo kika dube ni.

Na ce a bari sai Babbar Salla.

Na tuna yadda na faɗe shi, a hankali, ba faɗa, kamar yadda nake faɗin komai. Na ce wata biyu ne kawai, kuma abin da aka daɗe ana gini ba a buɗe shi da tsaga. Hajiya ta ce mini, “Malama, ki ji tsoron Allah. Wa ya ba ki wata biyun?” Na ji haushin maganar, na ɗauke ta rashin ladabi irin na 'yan kasuwa. Ke kuwa kika naɗe mayafinki kika ce ba komai, Layya ma rana ce.

Ranar Salla suka kira. An yi wa Lubna ɗinki da atamfar da kika aika, ɗaurin kallabin ya zame mata gefe ɗaya. Ta juya a gaban waya domin ki gani, ta yi tambaya, gajera. Na san kin gane, domin ni ma na gane, tana cikin kayenmu. Tambaya take ko ta yi kyau. Amsar tana bakinki, kin kawo ta ba kuskure ya fi sau ɗari. Kika ja numfashi. Na taɓa gwiwarki.

Ba ki dube ni ba. Kika yi murmushi, kika ce wa Abdul'aziz da Hausa ya gaya mata Allah ya yi mata albarka. Yarinyar ta ɗan tsaya kamar tana jiran wani abu, sannan ta tafi.

Lahadi biyar suka biyo bayan wannan. Ta shida ba ta same ki ba.

Na yi ta juya abin, ina neman inda zan tsaya. Na gaya wa kaina ajali ba ya jiran Salla, kuma gaskiya ne. Na gaya wa kaina niyyata alheri ce, ban so ki ji kunya a gaban surukarki ba. Amma na san ba duka ke nan ba. Ni ce ban so a ce ɗalibata ta yi tuntuɓe ba. Hajiya ta bayyana mini ma'anar kalmar nan tun ranar farko, da misalai har biyar, na rubuta ta da hannuna, na biya miki ita wata goma sha huɗu, ban yi aiki da ita ko sau ɗaya ba. Ke da ba ki karatu kin fahimce ta. Kin yarda ki buɗe baki da giɓi a gaban yarinya ta yi miki dariya. Ni na hana.

Hajiya Bilkisu ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da ni har la'asar. Ba ta tuna mini komai ba. Da ta tuna mini, ina jin da ya fi mini sauƙi.

Abdul'aziz bai samu zuwa ba, hanya ta yi nisa kuma takardunsa ba su ba shi dama ba. Ranar sadakar uku ya kira, aka miƙo mini wayar a matsayin uwa da ta rage masa. Bayan mun yi wa juna gaisuwa sai ya ce, “Inna Sa'a, akwai abin da Lubna ta tambaye ni, ban san me zan ce mata ba.” Wai ta ce me ya sa kakarta ba ta taɓa yi mata magana ita da kanta ba. Ko ba ta sonta sosai ne.

Ɗakin cike yake da mata. Na ce masa yara haka suke, ya ba ta haƙuri. Na miƙa wayar ga ta kusa da ni.

To Abdul'aziz, ga amsar da na kasa ba ka ranar, na rubuta ta inda kowa zai gani, domin a gaban mutane na ɓoye ta. Uwarka ta yi shekara da wata biyu tana koyon harshen 'yarka. Ta iya. Ni na hana ta faɗa. Ka zaunar da Lubna ka gaya mata da harshen da take ji, kada ka rage komai don ka rufa mini asiri. Ka gaya mata kakarta ta iya tambayarta ko ta ci abinci, da me ta ci, da wa ya yi mata kitso. Ta iya ce mata ta zo Damagaram ta ga duwatsu. Ta iya ce mata kunnuwanta irin na kakanta Nomau ne, faka-faka, kuma da wannan ta yi niyyar farawa bayan gaisuwa, ta ce tana so ta ga yadda 'yar za ta murguɗa baki. Ta kuma sa Hajiya ta koya mata yadda ake cewa “sake faɗa, ban ji ba”, ba don kurumta ba, sai don ta riƙa ja wa yarinyar magana ta daɗe a waya.

Na san in ka faɗa mata, ta bakinka za ta ji, kuma abin da uwarka ta guda ke nan tun farko. Ba ni da wata hanya. Muryar da ya kamata ta faɗa tana ƙarƙashin ƙasa, kuma ko sau ɗaya ban yi tunanin a ɗauke ta a waya ba, domin ina jiran ta gyaru.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka A'ishatu 'yar Salisu. Ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya shi kamar yadda ta sanyaya maƙogwaron waɗanda ba ta sani ba. Ka daidaita harshenta wurin amsa tambaya, ka karɓe ta da abin da ta zo da shi, kada ka yi mata irin tsananin da na yi mata. Ka haɗa ta da Nomau da 'ya'yanta biyar da suka riga ta, a cikin aljannarka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Abdul'aziz da matarsa da Lubna, da dangin Salisu da na Nomau a Gouna da Mirriya, da maƙwabtanta na Garin Malam, da Hajiya Bilkisu da ta yi iyakar nata. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya kyautata namu ƙarshen.

Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a. In ya rage masa wuri ya sa ni, domin yafewar da nake nema a hannun mutum biyu take: ɗaya ba ta jin kira yanzu, ɗayar kuma ba ta jin Hausa.

Sa'adatu Malam Isma'il
Birni, Zinder